Inkiyar Kasuwa: Yadda Wayar Tangaraho Ta Gutsure Sunayen Manyan Kamfanoni



Duk wanda ya taɓa kallon labaran kasuwanci a talabijin ya ga wani siririn layi da ke gudu a ƙasan allo ɗauke da haruffa da lambobi: AAPL, MSFT, KO, T, kowanne da farashi a gefensa da 'yar kibiya koriya ko ja. Mai bibiyar kasuwar Legas kuma ya saba da ganin DANGCEM ko MTNN. Waɗannan haruffa su ne inkiyar da ake kiran kamfani da ita a kasuwar hannun jari. AAPL shi ne Apple, MSFT shi ne Microsoft, KO Coca-Cola ne, T kuwa kamfanin waya na AT&T. Da wannan inkiya dillali ke saye, da ita yake sayarwa. In ya kuskure harafi ɗaya, kuɗin wani ne za su tafi inda ba a aike su ba.

A wannan mako za mu bi sawun inkiyar nan tun daga asalinta. Labari ne na yadda aka gajarta suna don dole, da abin da gajartawar ta jawo bayan dolen ta kau. Mu da muke mu'amala da haruffa kullum muna da rabo a cikinsa.

Da farko dai, hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saya ya zama yana da kaso a kamfanin, ya ci riba tare da shi, ya yi asara tare da shi. Farashin wannan yanki yana hawa yana sauka a cikin yini guda, gwargwadon yawan masu nema da masu son rabuwa da shi. Saboda haka wanda ya riga kowa jin farashi ya riga kowa cin kasuwa.

A birnin Niyok na Amurka, kafin 1867, da ƙafa ake kai wannan labari. Yara 'yan aike ne ke tsayawa a bakin zauren kasuwa, da zarar an yi ciniki sai su rubuta farashin su sheƙa da gudu zuwa ofisoshin dillalai da ke layin Wall Street da kewayensa. Wanda ofishinsa ke kusa shi ke fara ji. Wanda yaronsa ya yi tuntuɓe, ko ya juya lamba wajen kwafa, ya shiga uku. Mai kuɗin da ke wani gari kuwa sai dai ya jira saƙon waya ko jaridar gobe.

A shekarar 1867 wani ma'aikacin kamfanin tangaraho mai suna Edward Calahan ya fito da wata na'ura da ke karɓar saƙo ta waya ta buga shi a kan siririyar takarda mai kama da kintinkiri. Na'urar tana da ƙafafu biyu masu juyawa, ɗaya ɗauke da haruffa, ɗaya da lambobi. Haruffan su fito a layin sama, lambobin a layin ƙasa. Mutum guda a kasuwa zai buga cinikin da aka yi, nan take duk na'urorin da ke haɗe da wayar su fitar da shi a ofisoshi daban-daban. Saboda ƙarar tik-tik da take yi lokacin bugu, Turawa suka raɗa mata suna tika. Daga nan sunan ya bi takardar, ya bi haruffan, har ya iso kan layin da muke gani a talabijin yau.

Thomas Edison, wanda aka fi sani da ƙwan lantarki, da wannan na'ura ya fara samun abin hannu. Yana saurayi ya yi ta gyaranta, kuma a 1871 ya fitar da samfurin da ya karɓu sosai. Babban gyaran da ya yi shi ne hanyar daidaita na'urorin duka daga wuri guda. Kafin haka, in ƙafar wata na'ura ta zame da harafi ɗaya, sai ta ci gaba da buga shirme har sai an tura ma'aikaci ya je ya saita ta da hannu.

To a nan ne maganar inkiya ta taso. Na'urar ba ta da sauri, abin da take bugawa bai wuce kamar harafi ɗaya a daƙiƙa ba. Kamfanonin jirgin ƙasa ne suka mamaye kasuwar a wancan zamani, kuma sunayensu dogaye ne, don sukan jero garuruwan da dogon ya ratsa. Ɗauki Atchison, Topeka and Santa Fe. Haruffa 24 ke nan. In za a buga shi cikakke duk lokacin da aka yi cinikinsa, kusan rabin minti ya tafi tun ba a zo kan farashi ba, ga kuma wasu cinikayyar na jiran layi. Dole aka yanke. Atchison ya koma A kawai. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kamfanin da aka fi yawan cinikinsa shi ake ba mafi gajartar inkiya, domin shi ne zai fi yawan hawa waya.

Wannan ƙa'ida ta ma'aikatan waya ita ce daga baya ta rikiɗe ta zama sarauta. Haruffan boko na Turanci 26 ne kacal, don haka inkiya mai harafi ɗaya ba ta isa kowa ba. Samun ta ya zama shaidar cewa kamfani ya isa. F na kamfanin motoci na Ford ne, T na AT&T. Katafaren kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ya shafe shekaru da dama yana amsa sunan X. Ko a 2008 da kamfanin Visa ya shiga kasuwa, harafin V ya ɗauka, alhali babu wata waya da ke matsa masa.

Haruffan ba su tsaya a kan takarda ba, sun shiga bakin mutane. Kamfanin jirgin ƙasa na Missouri, Kansas and Texas yana da inkiyar KT. Dillalai suka riƙa furta haruffan biyu a haɗe, sai suka ba da sunan mace, Katy. Sunan ya bi kamfanin har ya danne na yanka, fasinjoji da ma'aikata duk da shi suke kiransa. Takardar kanta ma ta samu wani aiki. Ranar 28 ga Oktoban 1886, da ake bikin buɗe mutum-mutumin 'yanci na Niyok, ma'aikatan ofisoshin dillalai suka riƙa watso tsoffin takardun tika ta tagogi a kan masu jerin gwano. Daga nan ya zama al'adar birnin wajen tarbar gwarazansa.

Amma duk gajartawar da aka yi, akwai ranar da wayar ta kasa. Ranar Alhamis 24 ga Oktoban 1929 kasuwar Niyok ta rikice, kowa na neman sayarwa. Hannayen jari kusan miliyan 12.9 aka yi cinikinsu a yinin, adadin da ba a taɓa gani ba. Na'urar lokacin ba ta kai bugun haruffa 300 a minti ba. An tashi kasuwa ƙarfe 3 na rana, amma takarda ba ta gama fitar da cinikin yinin ba sai bayan ƙarfe 7 na dare. Ka ƙaddara mutum a wani gari mai nisa tsaye gaban na'ura yana karanta farashin da ya riga ya mutu tun sa'o'i da suka wuce. Ya san abin da ke hannunsa ya faɗi, amma bai san iya inda ya kai ba. Wannan duhun ya ƙara wa mutane firgici, da yawa suka ba da umarnin a sayar ko nawa ne. Ranar Talata 29 ga wata aka yi cinikin sama da miliyan 16, takarda ta sake makara.

Bayan wannan aka sauya na'urori. A 1930 aka kawo mai buga haruffa 500 a minti, a 1964 aka kawo mai 900. Cikin shekarun 1960 allunan lantarki da kwamfuta suka fara ture takarda gefe, har ta zama kayan tarihi. Matsin da ya haifi inkiya ya kau, amma inkiyar ta zauna daram, domin mutane sun saba, littattafan dillalai da kwamfutocinsu duk da ita aka gina su.

A watan Fabrairun 1971 aka buɗe wata sabuwar kasuwa a Amurka mai suna Nasdaq, wadda ba ta da zauren da dillalai ke taruwa, komai ta kwamfuta ake yi. Ita sai ta ɗauki tsarin haruffa huɗu, tsohuwar kasuwar Niyok kuma ta riƙe ɗaya zuwa uku. Shi ya sa Apple da ya shiga a 1980 ya zama AAPL, Microsoft a 1986 ya zama MSFT, Amazon a 1997 ya zama AMZN. Shekaru da dama mutum na iya ƙirga haruffa ya faɗi kasuwar da kamfani yake. Wannan rarrabewa ta fara rushewa a 2007, lokacin da aka yarje wa kamfani ya ƙaura zuwa Nasdaq da inkiyarsa mai haruffa uku.

Akwai kuma harafin da ake liƙawa a ƙarshe don ya yi gargaɗi ko ya bambance. Wanda ya fi suna shi ne Q, alamar cewa kamfani ya durƙushe yana gaban kotun masu karayar arziki. Bankin Lehman Brothers yana amsa LEH a kasuwa, da ya rushe a 2008 ya koma LEHMQ. Enron ya tashi daga ENE ya koma ENRNQ. Wani lokacin kuma kamfani ɗaya ke da hannun jari iri biyu. Berkshire Hathaway yana da BRK.A da BRK.B, kuma farashin na farko ya ninka na biyu fiye da sau dubu. Kamfanin da ya mallaki Google yana da GOOGL da GOOG: mai riƙe da na farko yana da ƙuri'a a taron masu kamfani, mai na biyu ba shi da ita. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Da kamfanoni suka ga inkiya na yawo a jaridu da talabijin kullum kyauta, sai suka mai da ita talla. Kamfanin jiragen sama na Southwest ya zaɓi LUV, wanda in aka furta shi yake ba da kalmar soyayya a Turanci, saboda filin jirgin da ya tashi a cikinsa a birnin Dallas sunansa Love Field. Ferrari mai motocin tsere ya shiga kasuwar Niyok a 2015 da RACE, wato tsere. Facebook ya sauya suna zuwa Meta a 2021, a watan Yunin 2022 kuma inkiyarsa ta tashi daga FB ta koma META. Abin har ya ja hankalin masana. A 2006 wasu masu bincike biyu a jami'ar Princeton, Adam Alter da Daniel Oppenheimer, suka nuna cewa kamfanonin da inkiyarsu ke furtuwa a baki sun fi samun tagomashi a kwanakin farko na shigarsu kasuwa, a kan waɗanda tasu ba ta furtuwa. Ashe daɗin suna a harshe ma yana taɓa aljihu.

Sai dai inkiya ba gadon gida ba ce, aro ce daga kasuwa. In kamfani ya mutu ko wani ya haɗiye shi, sai a ba wani harafinsa. C na kamfanin motoci na Chrysler ne har zuwa 1998 da ya haɗe da Daimler na Jamus, sai bankin Citigroup ya ɗauka. Harafin A da Atchison ya riƙe a da, yau yana hannun Agilent mai ƙera kayan awo na ɗakunan bincike. Haka kuma kowace kasuwa da nata rabon. T a Niyok AT&T ne, amma a Toronto ta Kanada kamfanin waya na Telus ne. BA a Niyok Boeing ne, a Landan kuwa BAE Systems. Wanda ya karanta tsohuwar jarida da idon yau, ko ya karanta allon wata ƙasa da idon wata, zai iya rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba.

A gabashin Asiya, inda rubutun gida ba na haruffan boko ba ne, sai aka bi ta lambobi. Toyota a kasuwar Tokiyo 7203 ne, Sony 6758. Samsung a Koriya ta Kudu 005930 ne. A Hong Kong bankin HSBC lamba 5 ne, Tencent 700. Can ma son suna bai bar su ba. Sinawa na ɗaukar 8 a matsayin lambar arziki, suna gudun 4 saboda furucinta ya yi kusa da kalmar mutuwa. Kasuwar Hong Kong har tsari gare ta na kamfani ya ba da gudummawa ga ayyukan jinƙai don ya zaɓi lambar da yake so. Alibaba da ya shiga can a 2019 ya samu 9988. A 2019 ɗin dai kamfanin mai na Aramco ya shiga kasuwar Saudiyya da lamba 2222.

Saboda irin wannan ruɗani ne aka samar da wata lamba ta duniya da ake kira ISIN, mai gurbi 12, wadda ke farawa da haruffa biyu na ƙasa, kamar US ko NG. Ita ba ta da daɗin faɗi, babu mai haddace ta don nishaɗi, amma ba a raba ta tsakanin hannayen jari biyu. Bankuna da masu ajiyar takardun ciniki da ita suke tabbatar da abin da aka saya.

Mu dawo gida. An kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961 da takardu 19, a 1977 ta zama ta Nijeriya baki ɗaya, daga baya ta buɗe rassa har da Kaduna da Kano. Shekaru masu yawa da baki ake ciniki: jami'i ya kira sunan kamfani, dillalai su yi tayi, a sallama, a wuce na gaba. A 1999 aka koma kwamfuta. Inkiyoyin wannan kasuwa da yawansu dogaye ne, kusan sunan ne cikakke: ZENITHBANK, JAIZBANK, BUACEMENT, DANGSUGAR. Akwai gajeru irin su NNFM, kamfanin fulawa da ke Kano. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa kasuwarsu ita ce BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe 8 masu kuɗin sefa suka yi tarayya a kanta, kuma a can bankin BOA na Nijar yana amsa BOAN.

Yanzu ga inda gajartawa ta yi cizo. A zamanin Calahan masu karanta takarda 'yan ƙalilan ne, sana'arsu ke nan, kowa ya san A da KT kamar sunan 'ya'yansa. Yau kuwa duk mai wayar hannu na iya saye daga ɗakinsa, ya buga haruffan da ya zata daidai ne ya danna.

A farkon Oktoban 2013 kamfanin Twitter ya sanar cewa zai shiga kasuwa da inkiyar TWTR. Bai ma shiga ba tukuna. Amma akwai wani tsohon kamfanin sayar da kayan lantarki mai suna Tweeter, wanda ya karye tun 2007 ya rufe shagunansa, ragowar hannun jarinsa na nan da inkiyar TWTRQ, ko sisi bai kai ba. Washegari mutane suka yi masa rubdugu, farashinsa ya ninka fiye da sau goma a cikin sa'o'i, har hukuma ta dakatar da cinikin, aka sauya masa inkiya zuwa THEGQ. Harafin Q na nan ƙarara a ƙarshe yana shelar cewa kamfanin matacce ne. Masu sayen ba su san yarensa ba.

Haka aka sake yi a 2020. Da annobar korona ta kulle mutane a gida, manhajar taro ta Zoom ta yi tashe. Inkiyar kamfanin ZM ce. Amma akwai wani ƙaramin kamfani daban mai suna Zoom Technologies, wanda ya shekara da shekaru bai fitar da bayanan kuɗinsa ba, shi ke riƙe da ZOOM. Jama'a suka yi ta zuba kuɗi a kansa, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Ranar 26 ga Maris hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta dakatar da cinikinsa, ta kuma ambaci ruɗanin sunan a cikin dalilanta. Daga baya aka mai da shi ZTNO. Wanda ya saya da tsada kafin a farga, shi ya kwana da asarar.

Saboda haka mai son karanta inkiya daidai sai ya tambayi abu huɗu. Wace kasuwa ce? Mene ne cikakken sunan kamfanin da ke bayan haruffan? Akwai wani harafi da aka liƙa a ƙarshe, kuma me yake nufi? Sannan a wace shekara ake magana, tunda harafin kan sauya hannu? Marubucin da zai sa ɗan kasuwa a labarinsa, ko ɗan jaridar da zai fassara rahoton kasuwa, waɗannan tambayoyi sun hau kansa kafin ya rubuta harafi ko ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Mu ma muna da tamu gajartawar: slm, lfy, ngd, ykk. Asalinta bai yi nisa da na Wall Street ba. Saƙon tes na da iyakar haruffa 160, kowane saƙo da kuɗinsa, ga madannan tsohuwar waya da sai an danna sau uku kafin harafi ya fito. Wannan matsi ya wuce, amma gajartawar ta biyo mu har cikin labarai da littattafan da muke sakawa a intanet. Tsakanin abokai biyu ba laifi, sun san juna, kamar dillalan 1870. Amma labari in ya fita, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Wataƙila ɗan Damagaram ne da ya yi karatu da Faransanci, ko 'yar Kumasi da ke koyon karatun Hausa yanzu, ko wanda zai buɗe shi bayan shekara ashirin lokacin da ykk ta daina nufin komai.

Haka batun ƙugiya. Wanda ya rubuta kafa yana nufin ƙafa, ko bari yana nufin ɓari, ya bar wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi. Sau da yawa mai karatu zai gane daga zancen. Wata rana kuwa ba zai gane ba, kamar yadda masu sayen Tweeter ba su gane Q ba.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: ka ɗauko shafi ɗaya daga rubutunka na baya, ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ka gutsure da duk harafin da ka bari babu ƙugiya. Ka miƙa wa wanda ba ya cikin abokan hirarka ya karanta da ƙarfi, kai kuma ka yi shiru kana saurare. Duk inda ya tsaya ko ya yi tuntuɓe, ka yi alama, sannan ka cike kalmar.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.